Irin da Ke Kwanciya a Komi: Cutar Ƙasa da Maganin da Ke Daina Ci a Fadamun Bagudo

Asarar da ta fi ciwo a noman rani ba ranar awo ake ganinta ba. A komin raino take faruwa, tun tsiro bai yi mako uku a duniya ba. Manomi a Lolo ko Illo ko Zagga, a yankin Bagudo na Kebbi, ya sayi irin albasa da tsada a ƙarshen damina, ya gyara komi, ya yafa, ya lulluɓe da ciyawa, ya yi ta ban ruwa safe da yamma. Iri ya fito kore shar. Bayan 'yan kwanaki sai ya tarar wani gefe ya kwanta, gindin kowane tsiro ya jiƙe ya sirance daidai inda ya taɓa ƙasa, ganyen kuwa har lokacin ɗanye ne. Washegari kwanciyar ta faɗaɗa. Wani lokaci ma irin ba ya fitowa sam, a cikin ƙasa yake ruɓewa, sai a ɗora wa mai sayarwa laifi, a ce tsohon iri ya bayar. Haka ake gani a tumatir da tattasai da attarugu, haka a wake, har a rainon shinkafa.

Abin da manomi ke yi sananne ne: ya tafi kasuwa ya sayo magani. Idan bai ga sauƙi ba ya ƙara yawa, ko ya sayo wani mai sabon suna. Daga nan sai ka ji ana cewa maganin yanzu ba ya ci. Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta, domin abubuwa daban-daban ne ke ɓuya a ƙarƙashinta, kuma kowanne da irin gyaransa.

Da farko dai, abin da ke kwantar da iri ba cuta ɗaya ba ce. Babban mai laifi a ƙasa mai danshi shi ne wanda masana ke kira Pythium. An daɗe ana lissafa shi cikin dangin fumfuna, daga baya aka gano ya fi kusa da gansakuka, kuma halinsa ya nuna haka: ba ya aiki sai da ruwa. Yana sakin 'ya'ya masu wutsiya da ke iyo a ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, suna bin abin da iri ke zubarwa idan ya jiƙa har su kai gare shi. Idan ƙasa ta bushe ba mutuwa yake yi ba, yana dunƙulewa cikin ƙwaya mai kaurin ɓawo, ya yi shekaru yana jiran ruwa. Nau'insa da ake kira aphanidermatum ya fi son zafi, wato yanayin Oktoba a gaɓar Kwara, lokacin da ruwan sama ya ɗauke amma ƙasa na jiƙe kuma rana na duka, ya yi masa daidai. Na biyu shi ne Rhizoctonia, wanda fumfuna ce ta ainihi. Ba ta iyo, zare take shimfiɗawa a saman ƙasa tana cin ragowar kara da ganye, kuma tabon da take yi wa gindin tsiro busasshe ne, ja-ja ko ruwan ƙasa. Sai Fusarium, mai zuwa ta ƙasa ko ta jikin iri. Ita ce ke ruɓar da gindin albasa, wani lokaci ba za a gane ba sai albasar ta shiga rumbu, kuma wata 'yar uwarta ce ke sa tsiron shinkafa ya zarce sa'o'insa tsawo, ya yi fari, ya mutu bai yi zangarniya ba. Akwai kuma Sclerotium mai farin zare a gindin tumatir da gyaɗa, da Macrophomina da ke kashe wake a tudu idan ƙasa ta yi zafi ta bushe.

Amfanin sanin wannan bambanci shi ne, maganin da ke kashe ɗaya ba lallai ya taɓa ɗaya ba. A ɗauki Apron Star, ƙaramar ledar nan ta giram 10 da ake gauraya iri da ita, wadda kusan kowane manomin Arewa ya sani. Sinadari uku ne a ciki: thiamethoxam kashi 20 cikin 100, na ƙwari, metalaxyl-M kashi 20, na Pythium da danginsa irin su cutar da ke mayar da zangarniyar gero ganye, sai difenoconazole kashi 2, na fumfuna ta ainihi. Metalaxyl ba ya yi wa Rhizoctonia ko Fusarium komai. Difenoconazole kuwa yana aiki ne ta hanyar hana fumfuna ƙera wani kitse da take gina fatar jikinta da shi, shi kuma Pythium ba ya ƙera wannan kitsen, saboda haka ko a jikinsa. Wato duk da cewa ledar ta haɗa magani uku, a gaban Pythium mutum ɗaya ne ke tsaye. Kuma idan aka juya bayan ledojin gauraya iri masu sunaye daban-daban da ke kasuwannin Arewa aka karanta ƙananan rubutun, za a tarar da yawansu metalaxyl ɗin ne dai a ciki. Haka hodar da ake fesa wa tumatir da albasa irin Ridomil da takwarorinta: metalaxyl ne haɗe da mancozeb ko jan ƙarfe. Manomi na ganin ya sauya magani, alhali leda kawai ya sauya.

Tarihin wannan sinadari gargaɗi ne. Kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan ya fito da shi a 1977, aka karɓe shi hannu bibbiyu domin yana shiga jikin tsiro ya kare shi daga ciki, ruwan sama ba ya wanke shi. A 1980, shekara uku kacal, ya kasa tare cutar ƙunar ganyen dankalin Turawa a Ailan da Holan. Sai da aka janye shi na wani lokaci, aka dawo da shi haɗe da mancozeb. Wannan da makamantansa suka sa kamfanonin magani suka kafa kwamitin FRAC a 1981 don sa ido kan bijirewar cututtuka. Dalilin faɗuwarsa da wuri shi ne wuri ɗaya tak yake bugu a jikin cutar. Tsofaffin magunguna irin thiram da mancozeb da jan ƙarfe wurare da yawa suke lalatawa lokaci guda, shi ya sa aka yi shekaru da dama ana aiki da su ba su gaza ba. Mai bugun wuri ɗaya kuwa, ƙaramin sauyi a halittar cutar ya isa ya mayar da shi ruwa.

Ba wai magani ne ke koya wa cuta dauriya ba. A cikin miliyoyin ƙwayoyin cuta da ke gona, akan sami 'yan ƙalilan da tun asali maganin ba ya kama su. Duk lokacin da aka zuba shi, sai ya share masu rauni ya bar wa waɗannan fili. A maimaita sau da yawa, su ne za su cika gonar. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya ga irin wannan a kulorokwin: maganin zazzaɓin da ya yi wa iyayenmu aiki, aka yi ta sha ba ƙa'ida, ana yankewa da zarar jiki ya yi sauƙi, har gwamnati ta sauke shi daga matsayin maganin farko ta koma ga haɗin da ake bayarwa yanzu.

A nan ne labarin wani amfanin gona da ba a nomawa a Kebbi yake da abin koya mana. Sukarin Najeriya daga rake yake, irin na Numan da Bacita da Sunti, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na sukarin duniya daga gwazar sukari ake tatsarsa, wani tsiro mai babbar farar saiwa, ɗan dangin alayyafo, da ake nomawa a ƙasashen sanyi: Rasha, Faransa, Jamus, Amurka. Tsironsa na farko siriri ne marar ƙarfi, kuma abokan gabarsa su ne namu, Pythium da Rhizoctonia da Fusarium, da wani ɗan uwan Pythium mai suna Aphanomyces. Shi ya sa da wuya a shuka irin gwazar sukari ba a lulluɓe shi da magani ba. A kwarin Jan Kogi da ke tsakanin jihohin Minnesota da Dakota ta Arewa, cibiyar nomanta a Amurka, manoman suna da kuɗi, suna da injina, suna da sahihin magani daga kamfani kai tsaye. Duk da haka a 2016 cutar tabon ganye ta Cercospora ta ci gonakinsu, domin rukunin maganin da suka dogara da shi, wanda ake kira strobilurin, ya daina kama ta. Ita wannan cuta ta taɓa yin haka ga maganin benomyl a Girka tun farkon shekarun 1970. A Turai kuma, hukuma ta ƙi sabunta lasisin thiram a 2018, na mancozeb a 2020, ta kuma taƙaita shuka irin da aka gauraya da metalaxyl-M a fili daga 2021, sai magungunan da suka rage a hannun manomi suka yi kaɗan, nauyi ya taru a kansu.

Abin da ya fi jan hankalina a kwarin Jan Kogi ba magungunansu ba ne, awonsu ne. Kowace shekara ana tattaro ganye daga gonaki a kai ɗakin bincike na jami'ar jihar Dakota ta Arewa, a gwada cutar a kan kowane rukunin magani, a faɗa wa manoma wanda ke ci da wanda ya fara sanyi. Manoman da kansu suke ba da wani ɓangare na kuɗin binciken. A tashar jami'ar Minnesota da ke Crookston, manomi na iya kai tsiron da ya mutu a gaya masa ko Aphanomyces ne ko Rhizoctonia kafin ya kashe ko sisi. Kuma ɗaya daga cikin manyan nasarorin da suka samu a kan Aphanomyces ba daga kwalba ta fito ba: ragowar farar ƙasa da masana'antar sukari ke zubarwa bayan tace ruwan gwaza, ita aka gano idan an watsa a gona tana rage cutar shekaru da yawa.

Gaskiya ne cewa cututtukan ƙasa ba sa bijirewa da sauri irin na ganye. Maganin gauraya iri ɗan ƙaramin wuri yake taɓawa a kewayen ƙwaya, sau ɗaya a shuka, kuma cutar ƙasa ba ta tashi a iska ta ƙetare jihohi. Amma jinkiri ba hani ba ne. A 2011 an tabbatar da cewa Rhizoctonia mai ruɓar da kuben shinkafa ta daina jin maganin azoxystrobin a wasu gonakin jihar Louisiana. A 2014 manoman wani nau'in wake a yankin Palouse na arewa maso yammacin Amurka suka ga iri na ruɓewa duk da metalaxyl, aka bincika aka tarar Pythium ɗinsu ya bijire. A Japan, cutar da ke zarar da tsiron shinkafa ta fi ƙarfin benomyl tun shekarun 1980. Kuma sharrin bijirewar cutar ƙasa shi ne, idan ta zauna a gona ta zauna ke nan, domin ƙwayoyin suna nan cikin ƙasa ko an daina maganin.

To, a dubi fadamun Bagudo da wannan ido. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, noman rani ya bunƙasa a gaɓar Kwara, kuma gonar da a da take hutawa rabin shekara yanzu sau biyu ko uku ake noma ta. Ƙasa ba ta bushewa sosai, wato Pythium ba ya hutu. Komin raino kuwa sau da yawa wuri ɗaya ne kowace shekara, kusa da rijiya ko bakin ruwa, don sauƙin ban ruwa. An gauraya iri da metalaxyl, an dasa, an fesa metalaxyl a ganye yana ɗiga ƙasa, wasu ma su dama shi su kwarara a gindi. Sai kuma ambaliya, irin ta 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi, Bagudo na cikin wuraren da abin ya shafa. Ruwan da ya shafe gonaki yana kwasar ƙasa da ƙwayoyin cuta daga wannan gona ya kai waccan. Kariyar da manomin Turai ke da ita, cewa cutar ƙasa ba ta tafiya, a bakin kogi ba ta da ƙarfi.

Ga kuma iyakar Benin. Daga Lolo a leƙa Madekali da Malanville, daga Tsamiya a shiga Segbana. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Kyangawa da Hausawan ɓangarorin biyu dangi ne, kasuwanninsu ɗaya, kogi ɗaya suke sha. Malanville gari ne na albasa da shinkafa, kuma irin albasar Galmi daga Nijar yana bi ta Gaya ya watsu ko'ina. Yankin Alibori, su Kandi da Banikoara, shi ne zuciyar noman audugar Benin, kuma an daɗe da sanin cewa maganin da ake rabawa don auduga yana sulalewa zuwa gonakin abinci. Iri na ƙetarewa, dashe na ƙetarewa da ƙasa manne a saiwarsa, magani na ƙetarewa a babur da kwalekwale, ko a lokacin da aka rufe iyakoki a Agusta 2019 bai tsaya cak ba. Amma doka ba ta ƙetarewa. A Najeriya NAFDAC ce ke yi wa maganin gona rajista, Nijar na bin kwamitin ƙasashen Sahel da ke Bamako, Benin na da nata tsarin. ECOWAS ta zartar da ƙa'idar daidaita rajistar magungunan gona tun 2008, amma manomin Kaoje har yau yakan riƙe leda mai rubutun Faransanci, na Madekali ya riƙe mai Turanci, kowanne yana auna magani da murfin kwalba bisa abin da mai shago ya gaya masa.

Wannan batun rubutu ba ƙarami ba ne, kuma ya wuce asarar iri. A Iraƙi, tsakanin 1971 da 1972, an raba alkamar shuka da aka gauraya da maganin fumfuna mai sinadarin makuri, gargaɗin da ke jikin buhunan ba da Larabci yake ba. Mutane suka wanke jan launin suka niƙa suka yi burodi. Sama da 6,000 aka kwantar a asibiti, sama da 400 suka mutu a can. Magungunan yau ba su kai wannan dafi ba, amma irin da aka gauraya ba abinci ba ne, ba na kaji ba ne, kuma wanke launin ba ya cire maganin. Ya kamata kowace leda da ake sayarwa a wannan yanki ta faɗi haka da Hausa, da boko da ajami.

Saboda haka idan manomi ya ce magani bai ci ba, bijirewa ɗaya ce kawai daga cikin amsoshi, kuma a ganina ba ita ce ta farko da za a zarga ba. Mai yiwuwa maganin bai dace da cutar ba, an ba Rhizoctonia metalaxyl. Mai yiwuwa jabu ne, ko ya wuce wa'adi, ko ya yi watanni a rumfar kwano cikin zafin Afrilu. Mai yiwuwa an miƙe leda ɗaya a kan irin da ya kamata ya ci uku, don tsada. Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa ba: idan an yi ta zuba metalaxyl a ƙasa ɗaya, wasu ƙananan halittun ƙasar kan saba da cinye shi, sai ya ƙare kafin ya yi aiki, an ga haka a gonakin karas a Ingila da Ostareliya. Ko kuma komin ne ya jiƙe har ba maganin da zai iya. Duk waɗannan kama ɗaya suke yi a ido: iri a kwance. Kuma amsar da ake ba su duka ɗaya ce, a ƙara magani, wadda ita ce hanyar da ta fi saurin jawo bijirewar ta gaske.

Na fi ba komi muhimmanci a kan leda, domin a nan ne manomi ke da iko. Rainon ƙarshen damina yana son komi mai tudu, ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, ruwa ya tsane, ba mai kwari irin na tsakiyar rani ba. A sauya masa wuri kowace shekara, kada a yi shi inda aka cire tumatir ko albasa bara. Taki ya zama ruɓaɓɓe sarai, domin ɗanyen taki da ɗanyen ganye abincin cutar ne. A shuka a layi, a sassauta hannu: iri mai cunkoso ba ya shan iska, gindinsa ba ya bushewa, kuma cutar na tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A ɗage ciyawar rufi da zarar tsiro ya leƙo. Ban ruwa da safe ya fi na yamma, don kada komi ya kwana a jiƙe. Idan gefe ya kwanta, a kwashe shi da ƙasarsa a fitar, a rage ruwa. Ƙona kara a kan komi kafin shuka, wanda tsofaffi suka saba yi, yana da tushe, zafin na kashe cutar da ke saman ƙasa. Akwai kuma dabarar da Jaacov Katan da abokan aikinsa suka bayyana a 1976: a jiƙa ƙasa, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, a danne bakinta, a bar ta mako huɗu zuwa shida rana ta dafa ƙasar. A yankin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wannan makami ne da Allah ya ba mu kyauta, ledar kawai za a saya, kuma komin raino ƙarami ne. Ga shinkafa, tace iri a ruwan gishiri na fitar da ƙwayoyi marasa nauyi waɗanda suka fi ɗaukar cuta, manoman Japan kuma suna tsoma iri a ruwa mai zafin digiri 60 na minti 10. Wannan na buƙatar ma'aunin zafi, don haka aikin ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya da tukunya ba.

Ba ina cewa a bar magani ba. Gauraya iri na daga cikin abubuwa mafi arha da amfani da suka shigo noman Arewa, shi ya rage ɓurtuntuna a dawa, kuma giram kaɗan a jikin iri ya fi lita da yawa a iska. Abin da nake cewa shi ne a yi shi cikakke bisa awon da aka rubuta ko a bari, a karanta sunan sinadari ba sunan leda ba, kuma wanda ya gauraya iri da metalaxyl kada ya bi shi da feshin metalaxyl sau uku a kaka ɗaya alhali mancozeb ko jan ƙarfe kaɗai za su wadatar. Manomi na iya yin nasa gwajin ma. Ya ƙirga ƙwaya 100 ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ga nawa suka tsiro, ya san ko laifin iri ne. Sannan ya raba komi biyu, rabi da magani rabi babu. Idan duka sun tsaya, bai buƙaci maganin ba a wannan ƙasa. Idan duka sun kwanta, akwai tambayar da ta fi ƙarfinsa.

Wannan tambayar ta masu ɗakin bincike ce, kuma ba ta da tsada yadda ake zato. A ɗauko tsiron da ya kwanta, a raino cutar a faranti, a zuba mata magani mataki-mataki, a ga inda ta daina girma. Aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da taimakon IAR Samaru da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi. Malaman gona na hukumar KARDA ta Kebbi su tattaro samfuri daga Lolo da Illo da Kaoje da Tsamiya a watan Oktoba da Janairu, takwarorinsu na INRAB ta Benin su yi haka a Malanville da Karimama da Segbana, a yi awon da hanya ɗaya, a maimaita kowace shekara. Awon farko shi ne mafi daraja, domin da shi za a gwada duk na baya, kuma ba a samunsa idan maganin ya riga ya faɗi. Ƙungiyoyin manoman albasa da na shinkafa a Kebbi suna da yawan mambobin da ɗan abin da za a cire a kan kowane buhu zai ɗauki nauyin aikin, sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Hausa da Dandanci da Fulatanci kafin a buɗe kasuwar iri.